Tauraro Ɗaya Ga Rumbun Jiya

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina labari, ina labari", ku sassauta min haka, wuta ce ta yi mana tsiya a unguwa. Ku gyara zama, yau akwai kallo a gidan Zahur Sahib.

*

"Tauraro ɗaya, Baji! Ɗaya tak!"

Shagufta ta dangwarar da wayarta a kan tebur har cokula suka yi ƙara. Yayarta Nigat, wadda suke kira Baji, ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da ɓare tafarnuwa.

"Na ji. Mutanen unguwar Samanabad gaba ɗaya sun ji."

"To ki sake ji! Tun da na buɗe Rumbun Jiya a kasuwar gwanjon nan ta intanet, wa ya taɓa ba ni ƙasa da taurari biyar? Kuma a rasa wanda zai yi min wannan cin fuskar sai Kunnen Zinariya!"

Nan Nigat ta ɗago.

"Kunnen Zinariya? Mutuminki? Wanda ke bin kayanki da tayi kamar zai haukace?"

"Shi fa! Mutumin da ya taɓa rubuta cewa hannuna hannun masana ne."

"Karanto min in ji."

Shagufta ta gyara tabarau, ta maƙale murya:

"'Rediyo ya iso. Sai dai wani jakin da bai san darajar kaya ba ya liƙe maɓallin tasha da ƙaro, kuma a karkace. Mai sayarwa ya ɓoye wannan a hoto. Ga shi an naɗo shi a tsohuwar jarida mai warin albasa. Allah wadai.'"

Nigat ta kwashe da dariya har tafarnuwa ta zube mata a cinya.

"Warin albasar dai gaskiya ne, Shaggo. A kicin ɗina muka naɗe shi."

"Au, ke ma bayansa kika koma?"

Abin da ke cin ran Shagufta ya wuce albasa. A ɓoye ta fara sana'ar nan. Mijinta Zahur, tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya cika ɗakin sama da tsofaffin rediyo da garmaho da na'urorin bidiyo, har ƙofar ba ta buɗuwa sai an sa kafaɗa. Ga bikin ɗansu Danyal ya matso, kuma a ɗakin za a sa amarya. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi gaba, Zahur ya ce ko guntun waya ba zai fita ba. Shi ne ta shiga zare kayan ɗaya bayan ɗaya daga can ƙurya, ta kai gidan Nigat, su ɗauki hoto, su sa a gwanjo. Wasa-wasa suna ya fita, har matan unguwa suka fara kawo mata nasu tarkacen ta sayar musu. Yanzu tauraro ɗayan nan yana iya sa a cire mata alamar amintattun masu sayarwa, alhali alamar ce ke jawo mata masu tayi.

Abu ɗaya ne dai ya ƙi yi mata daidai tun farko. Duk kwasar da take yi, ɗakin ya ƙi raguwa.

"Kin ba shi amsa?" in ji Nigat.

"Na ba shi wadda za ta hana shi cin abincin rana."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama. Zahur ne, gumi na tsattsafowa a sanƙonsa, ga wani kwali ya rungumo kamar jariri. Yana ganin matan ya yi turus.

"A'a, Baji Nigat, ashe kina nan. Begam uwargida, abinci ya sauka?"

"Ya sauka. Kwalin mene ne wannan?"

"Wannan? Na Liyakat ne, mai aski a unguwar Mozang. Ajiya ya ba ni."

"Ajiya kuma? Ni fa Abbun Danyal ina so in tambaye ka. Kai da kanka ya fi tafin hannuna santsi, me kake nema a shagon aski duk mako?"

"Hira, Begam. Ai aski ba gashi ne kaɗai ba."

Ya tura kwalin bayan ƙofa da ƙafa, ya wanke hannu, ya zauna. Shagufta ta jera gurasa mai zafi da miyar dal ta ƙananan wake da kindirmo mai sanyi. Ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba.

Dal ta sarƙe shi.

"Innalillahi! Ni? Ni za a faɗa wa haka?"

"Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Wani mara kunya ne, wani wanda bai sami tarbiyya ba! Ku ji, don Allah ku ji!"

Ya miƙe tsaye da gurasa a hannu ɗaya, waya a ɗayan:

"'Malam Kunnen Zinariya, da alama kunnen ne kawai na zinariya, idon kuwa na katako ne. Hoto na uku ya nuna ƙaron ƙarara. In tabarau ka rasa, faɗa min in sa maka wani a gwanjo.'"

Gurasar hannun Shagufta ta faɗa cikin miya.

Nigat ta cusa gefen gyalenta a baki, kafaɗunta suna rawa.

"Baji, me ya same ki?" in ji Zahur.

"Barkono," ta ce da ƙyar. "Barkono ne ya bi min ta hanci."

Shagufta kuwa ta daskare. Shagon aski na Mozang! Adireshin da ta sha rubutawa a jikin kwali da hannunta. Ga ɗakin da ya ƙi raguwa, har ta fara tunanin ko aljanu ne, har ta yi masa turare ranar Juma'a. Ashe aljanin ne zaune a gabanta da dal a gemu.

Ta ɗauki kofi ta kurɓi ruwa a hankali. Ta ajiye.

"Abbun Danyal, dama kana sayen kaya a gwanjo? Ba kai ka rantse min ka daina ba?"

Sai a lokacin ya tuna inda yake. Ya koma ya zauna a hankali.

"Ban rantse ba. Cewa na yi in sha Allahu."

"Allah sarki."

"Begam, ba za ki gane ba ne. Mutumin nan na daban ne. Duk abin da nake da shi, yana da irinsa sak! Garmahona mai ƙaho, yana da shi. Na'urar bidiyon nan mai murfi a sama, yana da ita. Sai na ce to, bari in dinga haɗa su biyu-biyu, kowane da ɗan'uwansa."

"Ikon Allah," in ji Nigat daga cikin gyale.

"Wallahi Baji, har na ɗauke shi ɗan'uwa. Niyyata ma in neme shi mu sha shayi. Ashe ɗan tasha ne."

Shagufta ta tallafe haɓa.

"Ka taɓa ajiye su gefe da gefe? Naka da nasa?"

"Ina fili? Ɗaki a cike. Sai dai in tura sabon daga baki, nawa yana can ciki abinsa."

"To tunda asiri ya tonu, buɗe ajiyar Liyakat mu ga aikin jakin."

Bai ko yi musu ba, fushi ya kore masa kunya. Ya jawo kwalin, ya yaye jaridar, ya fito da rediyo mai jikin katako, ruwan ƙasa, ya ɗora a tebur tsakanin kwanuka.

"Dubi nan! Dubi yadda ƙaro ya zubo har gefe. Wanda ya yi wannan aikin, hannunsa bulala ya cancanta. Ko makaho ya fi shi."

"Kai! Ashe abin ya yi muni haka. Naka na sama ba shi da liƙi ko?"

Zahur ya sosa sanƙo.

"Nawa... akwai ɗan gyaran da na yi masa shekarun baya, lokacin da Danyal ya ture shi yana rarrafe. Amma nawa aikin gwani ne. Ko da fitila kika duba ba za ki gani ba."

"Ɗauko shi mu gwada su."

"Shaggo," Nigat ta raɗa mata, "ki ji tsoron Allah."

"Me na yi? So nake in ga aikin gwani."

"Za ki gani kuwa!" in ji Zahur, ya haye sama yana huci.

Suka ji ya bangaje ƙofa. Suka ji ƙiii, ana jan wani abu mai nauyi. Suka ji fayafayai sun zube, ya yi salati, ya yi atishawa har sau ba adadi. Nigat ta kwanta a kan kujera tana dukan matashi, hawaye na zuba.

"Ki yi shiru mana, zai ji!"

"Ba zan iya ba, Shaggo, cikina! Aikin gwani!"

Can sai hayaniyar ta ɗauke. Shiru. Shirun ya yi tsawo har dariyar Nigat ta tsaya.

Zahur ya sauko a hankali, yana dafa bango. Yanar gizo-gizo ta yi masa hula a sanƙo.

"Begam. An yi mana sata."

"Sata?"

"Rediyona ba ya nan. Kuma ba shi kaɗai ba. Duk abin da na san ina da biyunsa, ɗaya na tarar. Garmaho ɗaya. Bidiyo ɗaya. Komai ɗaya!"

"Kai, wannan ɓarawo akwai adalci," in ji Nigat. "Raba daidai ya yi da kai."

"Baji, ba lokacin wasa ba ne!"

Ya zube a kujera, ya jawo rediyon gabansa yana kallonsa kamar mai neman shawara. Hannunsa ya kai ƙasan katakon, ya ji wani karce. Ya juya shi. Da ƙusa aka zana, rubutun yaro mai koyon baƙi: DANYAL.

Ya kalli rubutun. Ya kalli ƙaron. Ya sake kallon rubutun.

"Wannan... ai nawa ne."

Ya daki tebur.

"Nawa ne! Rumbun Jiya ɓarawo ne! Gidana yake shigowa yana kwasar kayana yana sayar min! Wallahi yau sai na sa an rufe shagonsa. Yanzun nan zan kai ƙara wurin masu kasuwar, daga nan sai ofishin 'yan sanda!"

Ya figi waya ya fara dannawa da yatsa ɗaya, da ƙarfi, kamar mai kashe kiyashi. Shagufta ta hango abin da zai biyo baya. In ƙarar nan ta tafi, shago ya rufu ke nan, ga kayan matan unguwa cike da ɗakin Nigat suna jiran tayi.

"Abbun Danyal, ajiye wayar nan."

"Ba zan ajiye ba!"

"Na ce ka ajiye."

"Begam, ki fita daga maganar nan, tsakanin maza ce!"

Ta miƙe, ta gyara gyale, ta tsaya a kansa.

"Hoto na uku ya nuna ƙaron ƙarara. Ni na ɗauke shi da hannuna, Baji ce ta riƙe min fitila."

Yatsan Zahur ya tsaya a iska.

Ya ɗago a hankali. Ya kalli matarsa. Ya kalli Nigat, wadda ta ɗaga masa hannu kamar mai gaisuwa daga tagar jirgi.

"Ke?"

"Ni."

"Ke ce Rumbun Jiya?"

"Ni ce ɗan tashan."

"Ke kika ce idona na katako ne?"

"Kai ka fara. Ka ce min mai warin albasa."

"Jarida na ce!"

"Jakin fa? Shi ma jarida ce?"

Ya buɗe baki, ya kalli maɓallin nan a karkace, ya rufe bakin. Nigat ta sulale daga kujera zuwa ƙasa.

"Ashe a gidana ake cin amanata," ya ce da ya samu murya. "Kayana! Da na tara da gumina! Ki ɗauka ki sayar min, in biya, in biya kuɗin aike, in hau riksha mai ƙafa uku har Mozang in ɗauko, in ɓoyo a ƙarƙashin riga in mayar inda kika ɗauko!"

"Ni na aike ka? Ni da nake murna na sami mai ciniki, ashe ɗaki nake sharewa kana bina kana zubawa. Ka san sau nawa bayana ya riƙe saboda garmahon nan? Na saukar da shi da ƙyar, ba a jima ba na gan shi zaune yana kallona. Na ɗauka na fara taɓuwa!"

"Da kin tambaye ni!"

"Na tambaye ka! Na ce amarya a ina za ta kwana, ka ce Allah zai kawo mafita. To ga mafitar. Ko a kan garmaho kake so 'yar mutane ta shimfiɗa zani?"

Ya waiwaya ya kalli falon. Can ya ce, "Fentin da aka yi wa falo... da gadon da aka kawo... kin ce adashi kika ɗauka."

"Adashi ne mana."

"Adashin da ni kaɗai nake zubi!"

"Allah ya saka da alheri, Zahur Sahib," in ji Nigat daga ƙasa. "Ba kowane uba ne ke yi wa ɗansa kayan ɗaki bai sani ba."

Shagufta ta zaci zai sake tashi da faɗa. Bai tashi ba. Ya ɗora tafin hannu a kan rediyon yana shafa katakon, kafaɗunsa suka sauka.

"Tun da na bar aiki," ya ce a hankali, "ba wanda ke tambayata komai. Danyal yana da wayarsa, ke kina da hidimarki. In na shiga ɗakin nan kuwa, kowane na san muryarsa, na san ciwonsa. Shi kuma Rumbun Jiya, in na rubuta masa sai ya amsa min da daɗi. Ya ce ya ji daɗi kaya sun faɗa hannun wanda ya san darajarsu. Ranar har sau uku na karanta."

Shagufta ta tuna ranar da ta rubuta wannan. Zahur yana zaune a kujerar da ke kallon tata, kowa da wayarsa, ba mai ce wa wani uffan.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta sa hannu ta cire masa yanar da ke sanƙonsa.

"Ni ma ai na karanta naka. 'Hannun masana.' 'Mai tsafta da amana.' Shekara talatin da wani abu ina zuba maka abinci, ban taɓa jin rabin wannan daga bakinka ba. Sai da na koma ƙaton namiji a intanet."

Kunnuwan Zahur suka yi ja.

"Ai... ai kin san ana yi a zuci."

"A zuci? To zuciyar ba ta da taurari ne?"

Ya murmusa, ya ƙi yarda ya yi dariya, dariyar ta ƙwace masa ta hanci. Shi ke nan, su uku suka ɓarke har mai sayar da kayan miya ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe.

Nigat ce ta share ido ta hau kujera ta zama alƙali.

"Ku saurara. Zahur Sahib, za ka zaɓi waɗanda ranka ba zai iya rabuwa da su ba, a jera maka a baranda. Sauran su tafi gwanjo. Kai za ka dinga gyarawa kana rubuta bayani, tunda ka san ciwonsu."

"Banda ƙaro," in ji Shagufta.

"Banda ƙaro. Kuma an haramta maka tayi a Rumbun Jiya har abada."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko a mafarki."

"Wato yaron shago na zama."

"Yaron shago mai ritaya," in ji Shagufta. "Yanzu ɗauki wayarka ka gyara min taurarina."

Ya ɗauka, ya gyara zama, nan take tsohon mai ciniki ya dawo.

"Uku."

"Albarka."

"Begam, ƙaron fa yana nan."

"Ƙaronka ne!"

"To huɗu. Saboda albasa."

"Biyar, ko kuwa daga yau har biki gurasa busasshiya za ka ci."

Ya kalli kwanon dal. Ya kalli alƙali. Alƙali ta ɗauke kai.

Ya danna biyar.

Shagufta ta leƙa wayarta ta ga sun jeru reras, ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗumamo masa miya ta ƙara masa man shanu a kai. Yana ci yana girgiza kai yana dariya shi kaɗai.

"Amma dai na gode Allah," ya ce da loma a baki. "Tunda ni ke cinye gwanjon, ba abin da ya fita daga gidan nan."

"In ban da guda ɗaya."

"Wanne?"

"Wata jar rikoda mai kaset, mai karyayyen mariƙi. A can ƙasan akwati na tono ta, an naɗe ta da tsohon bargo. Ranar da aka cire maka haƙori aka rufe tayinta, kana kwance kana nishi. Wata yarinya ce daga Karachi ta cinye."

Zahur ya daina tauna.

"Ja?"

"Ja."

"Mai karyayyen mariƙi?"

"Yanzu na faɗa. Me ya faru? Ko aiki ba ta yi sosai."

"Kin... kin duba cikinta?"

"Ƙofar kaset ɗin ta ƙi buɗuwa. Haka na rubuta a bayani, ni ba na ɓoye aibi."

"Ni na liƙe ta," ya ce, muryarsa ta koma siririya.

"Da ƙaro?" in ji Nigat, ta sake shirin dariya.

Bai kalle ta ba.

"Begam, ki rubuta wa yarinyar nan ta dawo da ita. Ko nawa ne zan biya. Yanzu."

"Tsaya ma, ai ta turo nata sharhin da safe, haushinka ne ya hana ni buɗewa." Shagufta ta lalubo a wayarta. "Yauwa! Taurari biyar. Ka ji yadda 'ya'yan mutunci ke rubutu: 'Anti, na gode. Na samu na buɗe ƙofar, sai na tarar da kaset a ciki. Wayyo daɗi! Na ɗora a shafina jiya, jama'a sai tambaya suke wane ne wannan bawan Allah. Ga shi na turo miki ki ji.'"

"Kar ki kunna!"

Ya yi tsalle kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Shagufta ta kauce ta zagaya bayan kujerar Nigat, ta ɗaga wayar sama.

"Begam, don girman Allah!"

"Kai! Ashe akwai abin ji."

Ta danna.

Shuuu, ƙarar tsohon kaset. Wani ya yi gyaran murya. Murya ce ta saurayi, siririya, tana rawa, amma ko a cikin barci Shagufta ta ji ta za ta gane mai ita.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Bismillah."

Sai ya fara waƙa.

Jama'a, waƙa dai sunanta waƙa. Muryar ta hau inda ba ta da tsani, ta faɗo, ta sake hawa. Yana rera cewa idanunta sun hana shi ganin siginar jirgi, tafiyarta ta sa ya manta sunan tashoshi. A bayansa ana jin akuya tana amsa masa amshi.

Shagufta ta riƙe ciki. Dariya take yi, amma idonta ya kawo ruwa. Zahur! Zahur ɗinta da ko "kin yi kyau" sai an ja shi da igiya, ashe ya taɓa zama ya rera mata waƙa, kunya ta hana shi ba ta, ya liƙe abinsa da ƙaro shekara da shekaru.

"Haba Abbun Danyal," ta ce tana share hawaye, "wannan kake ɓoye min? Ai da ka ba ni tun lokacin, da ban wahalar da kai ba."

Zahur yana tsaye tsakiyar falo, fuskarsa ta yi fari fat, hannunsa a miƙe.

"Kashe haka nan. Ya isa. Begam, kashe."

"Bari in ji ƙarshe mana."

Waƙar ta ƙare. Akuya ta yi shiru. Saurayin cikin kaset ya ja dogon numfashi, ya matso da bakinsa kusa da rikoda, ya yi ƙasa da murya.

"Wannan taki ce, ke kaɗai. Ko me za su ce a gida, ni ke nake so... Nigat."

Ƙit. Kaset ya tsaya.

Fankar sama kaɗai ke motsi a falon.

Murmushin Shagufta yana nan a fuskarta, ya rasa hanyar sauka. Ta juya a hankali ta kalli yayarta, tana jira ta ga ta zabura, ta ji ta yi salati, ko ta fashe da dariyar nan tata ta ce wane irin shirme ne wannan.

Nigat ba ta zabura ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin hannunta a kan tebur a hankali, ta ɗago ido ta kalli Zahur.

"Ba na ce maka ka ƙona shi ba?"